Rezar Yaya da Tukwanen Jed

Kai mai karatu, idan kana da ciwon suga, ko akwai mai shi a gidan da kake kwana, kada ka karanta wannan rubutu a tsaitsaye. Nemi wuri ka zauna. In ka gama, ka tashi ka je ka duba tafin ƙafarsa da idonka, ko da zai zage ka. Ban rubuta don ka ce Allah sarki ka wuce ba. Mun binne mace guda saboda yankan da bai kai tsawon farce ba. Ƙaninta kuma, wanda shi ne mijina, uban 'ya'yana, yana zaune yanzu haka da ƙafa a naɗe, likita bai gama gaya mana ko za a bar masa ita ba.

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayar mijina, wadda ni da shi muke kira Yaya, yaranmu suke kira Gwaggo, mutanen layinsu kuma suke kira Tela Mai Fure. Ta cika a gadon asibiti, autarta tana riƙe da hannunta, ni ina tsaye daga wajen ƙafafunta. Ta bar 'ya'ya da jikoki, da keken ɗinki, da tukwanen shuka da ba wanda ya san iyakarsu, domin yawancinsu suna kan tagogin mutane.

Yaya, da ke zan yi magana yau, kamar yadda muka saba a kan bencin shagonki. Bambancin kawai, yau ba za ki katse ni ki ce, "Hedimasta, an kaɗa ƙararrawa, a sallami yara" ba. Ke kika laƙaba mini sunan nan saboda faɗana, kuma daga bakinki kaɗai nake amsa shi.

Ke kika raini mijina. Iyayenku sun rasu yana ƙarami, ke kuma kina budurwa, kina koyon ɗinki a shagon wata. Da ragowar yadin mutane kika haɗa masa kayan makaranta. Kika ƙi aure sai da mai neman ki ya yarda za ki tare da ƙaninki. Shi ya sa har ya yi furfura "yaron nan" kike ce masa, shi kuma abin da duk ya ga kin yi, a wurinsa shi ne daidai. A hannun dama kike ɗaura agogo, a hannun dama yake ɗaurawa. Da ciwon suga ya kama ki, ba a daɗe ba shi ma aka auna aka samu, kika yi dariya kika ce ko a cuta ma sai ya kwaikwaye ki. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin igiyar da ta ɗaure ku, ya kuma gane abin da ya biyo baya.

Ina amarya kika kawo mini kyautar da na raina. Wasu sun kawo kwanuka, wasu zannuwa, ke kuwa kika shigo da gwangwanin madara, a cikinsa wani ɗan tsiro mai ganye masu kauri da sheƙi, kamar an shafa musu mai. Kika ce masu sayar da furanni jed suke ce masa, amma ke ɗan haƙuri kike kiransa, don ba ya kukan ƙishirwa. Na ajiye shi a kan kabad, a lungun da rana ba ta kaiwa. Ya yi ta miƙewa, kara ɗaya tilo, siriri, ganye nan ɗaya can ɗaya, yana karkata wajen taga kamar mai leƙen maƙwabta. Ni kuwa ina murna wai yana girma. Da ya fara rinjaya, sai na kafa masa tsinke na ɗaure shi da zare.

Ranar da kika zo kika gan shi, ko ruwan da na kawo miki ba ki taɓa ba. Kika buɗe jaka, kika zaro sabuwar reza daga takardarta, kika datse masa kai.

Na ce, "Yaya, kin kashe mini shi."

Kika ce, "Tsawo ba girma ba ne, Hedimasta. Yunwar rana ce ta miƙar da shi haka. Fitar da shi baranda, kada ki ba shi ruwa sai bakin yankan ya bushe. In ya mutu ki kai ni ƙara."

Ban kai ki ƙara ba. Kafin wata ya zagayo, daga ƙasan yankan, daidai inda ganye biyu suke fuskantar juna, sai ga toho biyu sun leƙo. Da suka yi ƙwari kika dawo kika tsinke kan kowanne da farcenki, kowanne ya sake rabuwa biyu. Abin da yake tsaye kamar sanda ya koma ɗan ƙaramin itace, mai rassa ta ko'ina, cunkus da ganye, yana tsaye da ƙafarsa ba tsinke ba zare. Yana nan a barandata har yau, ya girmi duk 'ya'yana.

A hankali kika koya mini sauran. A yanka a saman gaɓa kaɗan, ba a tsakiyar kara ba, don daga gaɓa toho yake fita. A duba inda ganyen gaɓar suke kallo, don can sababbin rassan za su nufa. Reshen da ya sunkuya ƙasa, da wanda ya ratsa cikin 'yan'uwansa yana goga su, da wanda ya yi tsawo ba ganye, su ake fara cirewa. A riƙa juya tukunya don kowane ɓangare ya sha rana. Reza ta zama sabuwa, ko a goge ta tas, don tsohuwa tana ɗaukar cuta daga wannan tukunya ta kai waccan. In an yanka, a barbaɗa ɗan toka a bakin, a bar shi ya sha iska, kada ruwa ya taɓa shi. Shi da kansa zai rufe bakinsa. Ban taɓa ganin kin taɓa shuka da almakashin ɗinki ba. Wata rana babban ɗanki ya ɗauka zai taimaka miki, sai da ya gudu waje ba takalmi.

Abin da kika datse ba kya zubarwa. Ki jera a kan faifai a inuwa sai bakinsa ya bushe, ki soka a busasshen yashi cikin gwangwani, ki manta da shi. In ya kama, ki bayar. Wadda duk ta zo karɓar ɗinki, da riga take fita a hannu ɗaya, da gwangwani a ɗayan, da wa'azin kada ta cika masa ruwa. Mai shagon magani yana da shi, mai gyaran babur yana da shi a bakin rumfarsa, har ɗan sandan da yake tsayawa a mahaɗar layinku sai da kika ɗora masa ɗaya a tagar ɗan ɗakinsa. Shagonki kuwa, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, keke a bakin tagar, buhun ƙyallaye a bayan ƙofa, madubi mai tsaga a bango, amma duk inda aka samu faɗin tafin hannu akwai jed. Uban su duka yana bakin ƙofa cikin tsohon baho, kututturensa ya kai kaurin damtse.

Ban manta matar nan da mijinta direba ya rasu a hatsari ya bar ta da ƙananan yara ba. Ta zo ki rage mata rigunansa don yaran su samu na sawa. Kika rage, ba ki karɓi komai ba, sannan kika tsare ta a kan benci kika koya mata datsa da dasawa, kika cika mata kwali da gwangwanaye, kika ce ta je bakin titi ta jera. Yau rumfa gare ta ta furanni, kuma ita ce ta fi kowa kuka ranar da aka fito da ke. Ban manta lokacin da aka yi mini tiyata a haihuwar ɗana na uku ba. Ɗinkin mutane ya taru miki har saman tebur, kika rufe shago, kika tare a gidana, kina wanke ni kina wanke jariri, kina korar masu zuwa dubiya in sun daɗe. Mahaifiyata tana nesa a lokacin. Ban ji rashinta ba.

A kan tarbiyya ne kawai muke saɓawa. Ni na yarda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma har gobe a kan haka nake. Lokacin da 'yata ta fari ta shiga shekarun taurin kai, kullum sai an ji muryata. Kika zo kika tarar ina lissafa mata laifuffukanta tun daga na safe har na makon da ya wuce. Kika bari sai da ta fita, sannan kika nuna barandata kika ce, "Ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a rana guda. In kika aske shi tas, da wane ganye zai ci rana?" Na ce yaro ba fure ba ne. Kika ce, "Shi ya sa ma." Sai kika nemi a ba ki shayi. Yarinyar nan yau ita take kula da ƙannenta, kuma ta ce in rubuta cewa shagon Gwaggo ne kaɗai wurin da take kuka ba a tambaye ta dalili ba.

Abu ɗaya kike tsoro a shukarki, shi ne ruɓa. In aka cika wa jed ruwa, karansa yakan yi laushi ya yi baƙi. A nan ba kya tausayi. Ki yanka, ki duba bakin. In kika ga ko ɗigon baƙi, ki matsa gaba ki sake yankawa, har sai kin tarar da nama mai kyau tas. Na sha ganin kin mayar da shuka mai kyau dungu saboda tabo guda. Kina cewa, "Wanda ya tausaya wa ruɓa, tukunyar duka zai rasa." Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba.

To, Yaya, ga inda rubutun nan yake yi mini nauyi.

Keken ɗinkinki na ƙafa ne. Shekara da shekaru kina taka feda, har ƙasan babban yatsanki na dama ya yi kanta mai tauri. In ta dame ki, sai ki ɗauki reza daga cikin na shukarki ki fere ta. Mijina ma yana da kanta, saboda yinin da yake yi a tsaye a wurin aiki. Ranar hutu sai ya tafi shagonki, ku zauna a benci, kowa ya ɗora ƙafa a kan gwiwa, ki miƙa masa reza ki ɗauki reza, kuna fira kuna ferewa kamar masu gyaran rake. Ma'aikaciyar jinyar da take duba masu suga ta hana ku. Ta ce ciwon yana kashe jin ƙafa, mutum ya yanke bai sani ba, kuma raunin mai suga ba ya warkewa kamar na kowa. Ni ma na maimaita muku har kuka gaji da ni. Kika ce, "Hannun da ya tsufa yana yanka yadi ba a koya masa reza." Mijina ya yi dariya ya ce, "Kin ji dai."

Ranar da rezar ta zarce, ba ki ji ba. Autarki ce ta ga jini a kan fedar keke, ta bi sawu har ƙafarki. Ta ce a tafi asibiti. Kika duba, kika ce wannan ai ba komai ba ne, yanka mai tsabta ne da sabuwar reza. Sai kika yi masa abin da kika saba yi wa jed. Kika barbaɗa toka. Kika hana ruwa ya taɓa shi. Kika cire takalmi don ya sha iska. Kika ce shi da kansa zai rufe bakinsa. Ba jahilci ba ne ya sa ki, Yaya, sani ne. Dubban yanka kika yi da hannunki kika ga sun warke a haka, ba ɗaya da ya ba ki kunya. Sai kika ɗauka abin da ya yi wa kara zai yi wa nama. Kika ci gaba da taka keke da ƙafar, a ƙasan shago inda ƙura da zare suke taruwa.

Bakin ya rufe kuwa, kamar yadda kika ce. Ta sama ya rufe, ta ciki yana ci.

Ni ban sani ba sai ranar da na kawo miki yadin makarantar yara. Ina shiga na ji wari. Kika ce ɓera ne ya mutu a bayan kabad. Na dube ki, na ga zufa a goshinki alhali ba zafi ake yi ba, na ga kin rufe ƙafarki da ƙyalle, ke da ba kya rufewa. Ban nemi izini ba, na janye ƙyallen. Yatsan ya kumbura ya yi baƙi, jan ya hau har bayan ƙafa. Autarki ta fashe da kuka, ta ce kin sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba.

Da muka kai ki asibiti, likita bai ɓoye mana komai ba, Allah Ya saka masa. Ya ce yatsan ya riga ya mutu, a cire shi yau, ƙafar za ta tsira. Kika ce da wace ƙafa za ki taka keke. Ya ce za ki taka da sauran. Kika ce yadda kika zo duniya cif, haka za ki koma. Na roƙi kowa ya fita, na ja kujera kusa da ke.

Na ce, "Yaya, ke kika koya mini. Wanda ya tausaya wa ruɓa, me kika ce zai rasa?"

Kika juyar da kai wajen bango. Can kika ce, "Shi jed in na yanka shi, biyu yake fitarwa. Ni in an yanka, me zai fito?"

Ban sami amsar da zan ba ki ba a lokacin. Yanzu ina da ita, amma ba kunnen da zai ji. Ke za ki fito, Yaya. Ke, da hannuwanki biyu, da bakinki mai zolaya, a kan bencinki, da yatsu tara.

Na fita na sami mijina a baranda na ce ya shiga ya yi miki magana, shi kaɗai ne ba kya iya yi wa musu in ya yi kuka. Ya ce, "A bar ta. Yaya ta san jikinta." Aka kira dangi, kowa ya kawo nasa. Wani ya ce ya san wanda aka ce za a yanke wa ƙafa ya ƙi, ga shi nan yana yawo. Wata ta ce akwai wani man shafawa. Da yamma aka mayar da ke gida da ƙwayoyi a leda. Wanzami ba ya son jarfa, an daɗe da faɗa, amma ban san karin maganar nan tana kisa ba sai a kanki.

Abin da ya biyo baya ba zan zayyana shi duka ba, saboda 'ya'yanki za su karanta. Baƙin ya bar yatsa ya hau ƙafa. Zazzaɓi ya riƙa kayar da ke. Ɗakinki da kullum yake ƙamshin sabon yadi ya zama sai an buɗe taga. Sa'ad da aka mayar da ke asibiti, a kwance aka shiga da ke, kuma maganar ta tashi daga yatsa ta koma ƙasan gwiwa. A wannan karon kika ce to. Amma gubar ta riga ta shiga jini, jikinki ba zai ɗauki tiyata ba sai an farfaɗo da shi, shi kuma ya ƙi farfaɗowa. Aka yi ta ƙarin ruwa, aka yi ta allura, muna zaune muna kallon roba tana ɗiga.

Ana gobe za ki rasu hankalinki ya dawo na ɗan lokaci da rana. Kika tambayi autarki ko ta juya tukwanen taga. Sannan kika yafito ni da yatsa. Na sunkuya. Kika ce, "Hedimasta, yaron nan. Ki riƙa duba ƙafarsa. Ni na koya masa." Wannan ce maganarki ta ƙarshe da ni. Kin san laifin ba na reza ba ne, kuma ko a bakin mutuwa ba kanki kike tunawa ba.

Bayan an kai ki, gida ya cika da masu gaisuwa, hankalina ya rabu. Sai da mutane suka ragu na lura da mijina. Mutumin da kullum a bakin famfon tsakar gida yake alwala ya koma yi a banɗaki, ƙofa a rufe. Mutumin da yake jefar da safa tun daga bakin ƙofa ya koma kwana da ita. In yana tafiya, a gefen ƙafa yake takawa. Na bari sai da safe, yara sun tafi makaranta, yana zaune yana jiran shayi. Na ajiye kujera 'yar tsugune a gabansa na ce ya ɗora ƙafarsa.

Ya ce, "Mene ne haka kuma? Ina cikin makoki."

Na ce, "Na sani. Ɗora."

Ya ce ba komai, ɗan ƙaiƙayi ne. Na durƙusa na zare safar da kaina. A ƙasan ƙafarsa ta hagu akwai rami, bakinsa ya yi fari, an cusa masa toka. Ashe lokacin da kike asibiti, zirga-zirgar da yake yi ta tayar masa da kanta, ya sayi reza a bakin ƙofar asibitin, ya zauna ya fere. Yana ganin abin da yake cin yayarsa a ɗaki, yana yi wa kansa irinsa a waje.

Ya ce, "Sabuwar reza ce. Yaya ta ce iska ce maganinsa."

Na ce, "Yaya tana ina?"

Ya rufe fuska da hannu, kukan da bai yi ba ranar jana'izarki ya yi shi a nan. Na bar shi ya yi, amma ina ɗaura ɗankwali yana yi. Ko shayin bai sha ba muka fita.

An wanke ramin, an kankare mataccen naman, an naɗe. Likita ya ce da alama bai kai ƙashi ba, amma ba zai yi mana alkawari ba sai ya ga yadda naman zai cika. Ya hana shi taka ƙafar. Muna zuwa wankin ciwon, kowane zuwa ina kallon fuskar likitan kafin ya buɗe baki. A nan muke, Yaya. Ban san ko ƙaninki zai tsufa da ƙafa biyu ba. Abin da na sani, na karɓi aikin da kika bar mini, kuma ba a taɓa ba ni aiki na yi shi rabi ba.

Ba na rubuta wannan don in tona miki asiri. Kin ciyar, kin tufatar, kin raini maraya har ya zama uban wasu, kin koya wa gwauruwa sana'a, ba ki taɓa mayar da yaro gida ba riga saboda uwarsa ba ta da hali. Kuskure ɗaya kika yi, kuma na san da za a ba ki baki na minti guda, da kanki za ki ce a faɗa wa mutane. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan gaskiya ne. Amma kada wani ya fake da ajali ya ɓoye ƙafa a cikin safa. Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, kuma Ya ba mu ido.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka da ciwon da ta sha. Ka sa ya zama kankarar zunubanta. Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka sanyaya shi. Duk inuwar da ta yi wa maraya, Ka yi mata wadda ta fi ta ranar da babu inuwa sai taka. Duk tsiron da ta dasa ta bayar, Ka rubuta mata shi a cikin sadakar da ba ta yankewa. Ka haɗa ta da iyayenta da marigayi mijinta a Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga babban ɗanta da ƙannensa, da jikokinta, da maƙwabtan shagonta, da duk mai gwangwaninta a taga. Ga mijina, wanda ya rasa yaya da uwa a rana ɗaya, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya ba ka lafiya. Ke kuma auta, ki daina ɗora wa kanki. Rantsuwa uwa ta sa ki, kuma 'ya ce ke. Amma na ga kina shiga shago kullum da buta kina kuka a kan tukwane. Ki rage. Ba sa son ruwa da yawa, kin sani. Babban jed ɗin bakin ƙofa ya fitar da dogayen rassa tun kwanciyarta. In kin ji ƙarfin zuciya ki kira ni, mu datse shi tare yadda take yi, mu raba wa waɗanda suka zo gaisuwa ba su samu ba.

A gidana kuwa na tara kowa, babba da yaro, na kafa doka, kuma ba shawara na nema ba. Reza ta shuka ce. Tana cikin gwangwani a kulle, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena, ba za ta sake taɓa naman mutum a gidan nan ba. Kowace safiya, kafin a ɗora ruwan shayi, maigida zai ɗora ƙafafunsa biyu a kan kujera in duba su da kaina, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, ko muna shiri ko muna faɗa. Wanda ya yanke, ko ya ƙone, ko ya taka ƙusa, zai nuna mini kafin rana ta faɗi, wanda kuma ya taya wani ɓoyewa, laifinsa ya fi na mai ciwon. Abin da likita ya ce a cire, za a cire shi a ranar da ya faɗa, ba za a kira taron dangi ba. Mai kuka ya yi kukansa a kan hanyar asibiti.